Ranar da Aka Yi wa Tsohon Fayil Sallama

A Tungar Gawo, ƙauyen nan da ke gindin madatsar ruwa, ba wanda bai san gidan Inna Lanti ba. 'Ya'yanta uku. Babban shi ne Jatau, wanda ya ba wa talatin baya, ƙato mai tsabta, ba ya zagi, ba ya ƙarya, sai dai Allah ya yi shi da irin kan nan da magana ke shiga ta zauna yadda aka faɗe ta. In ka ce masa ya tsaya nan, to ka tabbata ka dawo ka ce ya tafi. Mai bi masa Ɗayyabu ne, wanda ya yi karatu a birni ya dawo ya haɗa wa manoman rani famfon sola, da wata 'yar kwamfuta a ɗakin famfo da ke sakar wa gonaki goma sha biyu ruwa bi da bi. Sai autarsu Furera, wadda ta shekara biyu a gefensa tana koyo.

Da zazzaɓi ya ɗauke Ɗayyabu ana tsakiyar damina, manoma suka rasa wa za su ba makullin ɗakin. Daga ƙarshe Malam Cindo, shugabansu, ya miƙa wa Furera, amma da sharaɗi. Rani ɗaya aka ba ta. In aka cire albasa lafiya, makulli ya zama nata. In ruwa ya yi gardama, za a ɗauko wani daga birni. Ta karɓa ba musu, don a duk abin da wanta ya bari, wannan ne kaɗai ya zo hannunta, kuma ta fi son ta rasa komai da ta rasa shi. Jatau kuwa aikinsa bai canza ba, shara da goge faifan sola, kamar yadda yake yi tun Ɗayyabu na da rai.

Wata rana Inna Lanti ta dawo daga kasuwa da sabuwar tukunya. Ba ta kiran sunan Jatau, ɗan fari ne, sai ta ce, "Kai Babba, sabuwa ta zo, tsohuwar ta gama aiki. Kai min ita juji." Ta shige ɗaki ta cire mayafi. Ita tsohuwar kuwa tana kan murhu a lokacin, tana tafasa da miyar kuka da zakaran da aka yanka saboda baƙi. Jatau ya sa tsumma ya sauke ta a hankali, ko ɗigo bai zubar ba, ya kai ta juji ya ajiye. Karnukan unguwa suka yi sallah ba wata.

"Ina miyar?" in ji Inna.

"Tana cikin tsohuwar."

"Tsohuwar fa?"

"Tana inda kika ce."

Ranar baƙi tuwo gaya suka ci. Furera ta yi dariya har da hawaye, don a lokacin tana da sauran dariya. Ta zaunar da shi ta ce, "Yaya, kafin ka yar da tsohon abu, leƙa cikinsa tukuna. In akwai wani abu a ciki, ajiye shi ake yi." Ya maimaita sau uku, ya ce ya riƙe.

Wata rana Furera ta canza wani bututu da ya tsage a bakin madatsa, ta miƙa masa tsohon ya yar. Jatau ya kafa ido a bakin bututun, ya ga idanu suna kallonsa. Kwaɗi ne, iyali guda. Ya toshe bakin nan da wancan da ciyawa, ya saɓo shi har gida, ya duba duk gidan bai ga wurin ajiya da ya kai ƙarƙashin gadon Inna ba. Bayan azahar Inna ta kishingiɗa, sai ta ji wani abu mai sanyi ya dira a kan ƙafarta. Innar da ke kukan ciwon gwiwa kullum, ranar ba wanda ya ga fitarta, sai ganinta aka yi a tsakar gida ba ɗankwali tana salati.

"Da abu a ciki, Inna," in ji Jatau. "Auta ta ce ajiyewa ake yi."

Furera ta wuni tana farautar kwaɗi a bayan kwalla da tasoshi. Ana cikin haka Malam Cindo ya aiko a tambaya ko lafiya ba a ga mai makulli a ɗakin famfo ba. Wannan karon dariyar tata gajeruwa ce.

Wata rana saƙo ya fito a allon kwamfuta cewa manhajar da ke raba ruwa ta tsufa, masu ita sun fitar da sabuwa. Furera ta danna sabuntawa da hantsi, sai ga wani ya zo a guje, wai bututu ya ɓalle a gona ta shida. Ta ce, "Yaya, zauna nan ka sa mata ido. Kada ka motsa, kada ka taɓa komai." Ta fita.

Ba ta yi nisa ba kwamfuta ta tsaya cak da tambaya a kan allo, famfo kuma ya ɗauke, don ba ya aiki sai sabuntawa ta ƙare. Jatau yana iya haɗa baƙi kaɗan kaɗan, ya gane dai tambaya ce. Ya gyara zama cikin ladabi ya ce, "Ki yi haƙuri, ta fita, yanzu za ta dawo." Rana ta take. Manoma suka zo ƙofa suna ta surutu, wani ya ce ya tashi ya nemo ƙanwarsa.

"An ce kada in motsa."

"To danna wani abu mana!"

"An ce kada in taɓa."

Ƙuda ya sauka a kan hancinsa ya yi zamansa, bai kore shi ba. Sai wajen la'asar Furera ta dawo jiƙe da laka, ta tarar gonaki biyar ba su sha ruwa ba.

Tambayar kuwa a kan fayil ɗin saiti ne, wato 'yar takardar nan ta cikin kwamfuta inda ake rubuta wa manhaja yadda za ta yi aiki. Sabuwar manhaja ta zo da nata a wani wuri dabam, ba za ta ƙara karanta tsohon ba. Amma ta lura an gyara tsohon da hannu, shi ya sa take tambaya: a share shi, ko a janye shi gefe? Furera ta danna a janye, ba don komai ba sai don sauri. Daga nan ta cika sabon saitin da ka. Kowa ya san Ɗayyabu adali ne, saboda haka ta ba kowace gona minti arba'in cif.

Za ku ce me ya hana ta buɗe tsohon ta karanta. Ta taɓa buɗewa sau ɗaya, kwana tara da rasuwar Ɗayyabu. Layin farko ta gani, inda ya rubuta bisimilla da irin gajartawarsa, ta rufe, ta fita waje ta yi kuka. Tun daga ranar take kewaye shi. Sannan akwai 'yar taurin kai, ba sai an ɓoye ba: tana so a ce Furera ta iya, ba a ce Furera ta kwafa ba.

A hanyar gida Jatau ya tambaye ta abin da kwamfutar take nema. Ta gaji, amma ta ba shi amsa. "Ƙa'idarta ke nan, Yaya. Tsohon abin da hannun mutum bai taɓa ba, sharewa take yi ba tambaya. Wanda mutum ya gyara da hannunsa kuwa, ba ta yarwa, gefe take janye shi ta sa masa alama." Jatau ya jinjina kai, ya ce lallai wannan kwamfuta 'yar gidan mutunci ce.

Wata rana aka ce sababbin kayan aiki na tafe, sai a rage tarkacen da ke ɗakin ajiyar manoma. Furera tana da damuwarta, don albasar Baba Nomau, wani dattijo mai gona ta uku, ta fara rawaya daga baki, ta Gwaggo Hansai mai gona ta takwas kuma tana zaune cikin ruwa kamar shinkafa. Ta duba famfo, ta duba bututu, ta duba lissafin minti, komai daidai. Tana cikin wannan Jatau ya zo yana tambayar wanne zai yar wanne zai bari. Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Yi yadda na ce maka kwamfuta na yi."

Haka kuwa ya yi. Akwai bawul huɗu na buɗe ruwa da rufewa da Ɗayyabu ya ajiye saboda ɓacin rana, shekara biyu suna cikin ledarsu ba a ɓare ba. Tsofaffi ne, hannu bai taɓa su ba, juji. Akwai ƙullin waya da ba a kwance ba, juji. Fasasshen bokitin da aka liƙe da wuta, fartanyar da aka ɗaure wa ƙota da roba, tiyo mai faci goma sha ɗaya, waɗannan ya jera su gefe guda, kowanne da jan ƙyalle a wuya. Kafin labari ya iso kunnen Furera, masu sayen ƙarafa sun bi ta jujin da amalankensu sun yi gaba.

Malam Cindo bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mata sauƙi. Ya ce, "'Yar nan, mun ba ki don albarkacin mamaci. Ranar Asabar za mu zauna. In ruwan nan bai daidaita ba, ki zo da makullin."

Da ya tafi, ta karɓe tsintsiyar daga hannun Jatau. "Kada ka sake shiga ɗakin nan, Yaya. Ka ji ko?"

"Na ji, Auta."

Daga ranar kullum sai ya rako ta, ya zauna a dokin ƙofa, yatsun ƙafarsa daidai kan layin da ɗaki ya fara, ba ya ƙetarewa.

Wata rana, Laraba ce, saura kwana uku zama, Furera ta zauna gaban allo ta rasa inda matsalar take. Idonta ya faɗa kan tsohon fayil ɗin, yana gefe da alamarsa. Zuciya ta raya mata ko shi ne ke yi wa sabon katsalandan. Ta san ba haka ba ne, amma wanda ya rasa mai laifi ko kujera ya samu sai ya tuhume ta. Ta ce a fili, "Gobe bayan la'asar, in famfo ya huta, zan goge ka kowa ya huta."

"Wa za ki goge?" in ji Jatau daga ƙofa.

"Tsohon fayil. Ya gama aikinsa."

"Wane aiki yake yi?"

"Shi ke raba ruwa a da."

"Shekara nawa?"

"Shida."

Jatau ya juya abin a ransa. A Tungar Gawo, ko mai gadin madatsa ne ya ajiye aiki, sai an taru an ci goro, an nemi gafarar juna, Liman ya shafa fatiha. Ya ce, "Shekara shida yana ba mutane ruwa, kuma ya tafi ba sallama?"

Haushi ya ƙume ta. "To tashi mana ka taro gari kaf su zo su yi masa sallama!"

Ta juya ga allonta. Da ta waiwayo, dokin ƙofa ba kowa, ta ma ji daɗi an bar ta ta sarara.

Gida gida ya bi, bai tsallake ko ɗaya ba. Abin da yake faɗa kuma guda ne: "Auta ta ce ku zo gobe bayan la'asar, tsohon da ke raba ruwa ya gama aiki, za a yi masa sallama." Wasu suka ɗauka mai gadin madatsa ne. Wasu suka ce ai Malam Cindo ne za a sauke, maganar kuma ta riga Jatau isa gidan Malam Cindo.

Washegari Furera ta sha kwanar ɗakin famfo, sai ƙafarta ta tsaya. Tabarmi shimfiɗe har bakin hanya. Ga Liman, ga manoma goma sha biyu da iyalansu, ga mata da ƙwaryar kunu, wani har da goro a faranti. Jatau na tsaye a dokin ƙofa sanye da rigarsa ta Juma'a, fuska sai ƙyalli. Malam Cindo ya miƙe, hula a karkace.

"To ga ni. Ke ce za ki sauke ni?"

Ta yi ta rantsuwa tana bayani, fayil ne, takarda ce a cikin kwamfuta, ba mutum ba ne. Sai dariya ta ɓarke daga bayan taro ta zagayo gaba. Wani ya ce, "Waɗannan muka ba amanar albasarmu?" Wani ya ce ba sai an jira Asabar ba. Furera ta ji makullin ya yi mata nauyi a hannu, ta tabbata ya tafi. Ta juya ga wanta, wanda har lokacin murmushi yake yi, maganar ta kuɓuce mata a gaban kowa.

"Da ma kai Allah ya ɗauka ya bar mana Ɗayyabu!"

Dariyar ta yanke. Liman ya ce, "Subhanallahi. Yarinya, nemi gafarar Ubangijinki." Inna Lanti da ke cikin mata ta ja mayafi ta rufe fuska. Murmushin Jatau bai ɓace nan take ba, a hankali ya sauka, don shi sai ya saurari magana har ƙarshe kafin ya san inda zai ajiye ta.

Baba Nomau ne ya matso gaba. Ya dogara sandarsa ya ce, "Tun da mun riga mun zo, a nuna mana shi. Ni dai ban taɓa ganin wanda ke ba ni ruwa ba."

Ba ta da ƙarfin musu. Ta jawo tebur bakin ƙofa, ta juyo allon, ta buɗe fayil ɗin, ta wuce layin farko da sauri. Lambobi ne a jere, amma a gefen kowace lamba akwai rubutu da Hausa, irin wanda manhaja ba ta karantawa, sai mutum. Liman ya ce ta karanta a ji. Ta fara karantawa.

"Gona ta uku, Baba Nomau. Tudu ce, ruwa da ƙyar yake hawa. Minti sittin da biyar. Kada a gaya masa, zai ce a rage."

Baba Nomau ya ƙara matsowa yana leƙen allon.

"Gona ta takwas, Gwaggo Hansai. Laka ce, tana riƙe ruwa. Ashirin da biyar ya isa. Na tambaye ta, ta ce a ba mai tudu ragowar, amma kada a faɗi sunanta."

Gwaggo Hansai ta ce, "Kai, yaron nan, har rubutawa ya yi?" Ta sa bakin zani tana share ido.

"Gona ta sha ɗaya, Malam Cindo. Bututunsa ya fi na kowa faɗi, ya ce bai san yadda aka yi ba. Minti talatin."

Aka kwashe da dariya, wata iri dabam da ta ɗazu. Malam Cindo ya gyara hularsa ya zauna, yana cewa Allah ya jiƙan Ɗayyabu, bai iya rufa wa mutum asiri ba.

Haka ta bi su goma sha biyu. Babu gona biyu masu lamba ɗaya. Wata yashi ce, sai an ba ta sau biyu kaɗan kaɗan. Wata tana ƙarshen layi, ruwa ba ya isa da ƙarfi sai an rufe ta kusa da ita. Shekara shida na zagayen gonaki da ƙafa, duk suna cikin takardar da ta yi niyyar gogewa a wannan yammacin. Ta kai ƙasa tana neman ko ya bar mata kalma guda. Babu. Maganar ruwa ce tun daga sama har ƙasa.

Nan a gaban kowa ta buɗe sabon saitin, tana kwafe lamba ɗaya bayan ɗaya, tana tambayar mai gona ko wani abu ya canza tun bara. Ta kwafe har da bayanan, ba ta bar ko ɗaya ba. Tsohon kuma ta bar shi inda yake da alamarsa. Liman ya ce tun da ga goro ga jama'a, ba za a tashi haka ba. Aka yi wa Ɗayyabu addu'a, aka sha kunu, aka nemi gafarar juna. Sallamar da Jatau ya kira dai sai da aka yi ta, kuma ba wanda ya tuna ya ce ya kyauta. Ba wanda ya lura da lokacin da ya bar wurin.

Fangali huɗu na albasa a gonar Baba Nomau sun riga sun ƙone, waɗannan ba abin da ya dawo da su. Sauran kuwa kafin Asabar sun fara miƙewa. Zaman bai ɗauki lokaci ba. Malam Cindo ya ce makulli ya zauna inda yake, ba sai an jira cire albasa ba.

Daga wurin zaman ta wuce gida kai tsaye, tana ta shirya kalmomi a hanya. Kwana biyu ke nan Jatau bai rako ta ba. Ta same shi a bayan gida wajen turken awaki, yana zaune a kan turmi, hannuwa bisa gwiwa. Ta durƙusa a gabansa, amma ya riga ta.

"Auta, maganar nan da kika yi ranar Alhamis. Na je wurin Liman na tambaye shi yadda ake yi a mayar da Ɗayyabu a ɗauke ni. Ya ce ba a yi. Na je wurin mai haƙan kabari, shi ma ya ce bai taɓa ji ba. Na tambayi Inna, sai ta kama kuka." Ya dube ta, ba fushi ko kaɗan a idonsa, sai kunyar wanda aka aika ya dawo hannu rabbana. "Duk aiken da kika yi min na yi. Wannan ne ban iya ba. Ki yi haƙuri."

Duk kalmomin da ta shirya suka watse. Ta kama hannunsa tana kuka. "Yaya, ka yafe min. Wallahi ba haka nake nufi ba. Ko kusa ba na so."

"Ba kya so?"

"Ba na so."

Ya juya wannan ma a ransa, a hankali, yadda ya saba. Sannan ya tambaye ta, ba don ya ƙure ta ba, sai don yana son ya sani.

"To me ya sa kika faɗa?"

Rani na huɗu ke nan makullin yana hannun Furera, albasar Tungar Gawo kuma ba ta sake jin ƙishirwa ba. Har yau ba ta samo abin da za ta ce masa ba.